Ruwan Tsibiri: Yadda Aka Gano Abin da Ke Lanƙwasa Ƙashin Yara

Tsakanin 1985 da 2000 an yi wani ayarin yara a Tsibirin Gobir da suka tashi da alama iri ɗaya. Haƙoransu na girma suna fitowa da wani farin dabbare mara ƙyalli, bayan ɗan lokaci ya rine ya koma ruwan ƙasa, na wasu har ya yi ramuka ya riƙa gutsurewa. Yaran ba su kai cin goro ba, balle a ce shi ne. Asuwaki bai fitar da shi, gawayi bai fitar da shi. Masu wannan ma sun ci sa'a, don a wasu gidajen abin ya wuce baki ya sauka ƙafa. Yaro ya fara tafiya lafiya lau, sai a ga ƙwaurinsa ya soma lanƙwasa a hankali. Wani ya yi gwame, gwiwoyi na gogar juna, wani ƙafafun su buɗe su yi baka. Akwai waɗanda kansu ya yi girma ya fi ƙarfin jiki, akwai waɗanda tsawonsu ya tsaya cak, ga ciwon gaɓoɓi da ke hana barci.

Tsibiri kuwa ba ƙauyen ƙayau ba ne. Nan Gobirawa suka sake kafa sarautarsu bayan yaƙin Gawakuke na 1836, nan Sarkin Gobir yake zaune har yau, kimanin kilomita 12 daga Maraɗi, a gefen kwarin Gulbi. Iyayen yaran da kakanninsu, waɗanda suka girma a kan ruwan rijiyoyin kwarin, ƙafafunsu miƙe suke.

Duk wanda ya san ƙasar Hausa ya san inda zargi ke fara sauka idan cuta ta zo da baƙuwar kama: iska, sammu, maita, sannan gado. Amma gado ba ya farawa rana ɗaya a gidajen da ba su haɗa jini ba. Mai ɗan ilimin asibiti zai ce shan-inna, sai dai shan-inna tana zuwa ne da zazzaɓi, ta shanye ƙafa cikin kwanaki, yawanci ɗaya ta fi ɗaya, kuma ba ruwanta da haƙori. Saura yunwa. Wannan zargin yana da ƙarfi, don farin 1984, wanda a Nijar ake tunawa da shi da sunan El-Buhari, bai daɗe da wucewa ba, kuma rashin abinci mai gina ƙashi yana lanƙwasa ƙafar yaro. To amma yunwar ba Tsibiri kaɗai ta ci ba. Ta ci Dakoro, ta ci Mayahi, ta ci Tasawa. Me ya sa a nan ne abin ya taru?

Abin da ya warware ƙullin lissafi ne wanda ɗan firamare zai iya. Yaran da rahotannin ƙarshen shekarar 2000 suka lissafa, manyan cikinsu ba su wuce shekara 15 ba. A cire 15 daga 2000, sai a sauka a 1985, lokacin da garin ya soma shan ruwan foraj mai zurfi ta famfo. Da aka auna ruwan, sai aka tarar da sinadarin fuloraid tsakanin miligiram 4.8 da 6.6 a kowace lita, alhali iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce 1.5. Yara sama da 400 aka samu ƙashinsu ya nakasa, waɗanda abin ya taɓa kuwa, har da masu rinannun haƙora, an ƙiyasta sun kusa 5,000. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Nijar, ANDDH, ta kai ƙarar kamfanin ruwa na gwamnati na lokacin, SNE, sannan a watan Oktoban 2002 ƙungiyar FIDH mai hedikwata a Paris ta fitar da rahoto musamman a kan yaran Tsibiri.

Abin takaici, wannan kacici-kacici an riga an amsa shi tun kafin a haifi akasarin iyayen yaran.

A 1901 wani matashin likitan haƙori, Frederick McKay, ya buɗe wurin aiki a Colorado Springs ta ƙasar Amurka, ya tarar kusan kashi 90 cikin 100 na yaran da aka haifa a garin haƙoransu sun rine. Can ma mutane suna da nasu bayanin: wasu su ce yawan cin naman alade ne, wasu su ce madarar ce ba kyau. A 1909 ya jawo babban malamin haƙori G. V. Black, suka gano abu biyu. Na farko, tabon yana shiga ne tun haƙori na cikin dasashi, shi ya sa wanda ya zo garin da girmansa ba ya samu. Na biyu, wanda ya ba su mamaki, rinannun haƙoran nan ba su cika ruɓewa ba. A 1923 aka kira McKay wani gari mai suna Oakley a jihar Idaho, inda iyaye suka gaya masa cewa abin ya soma ne bayan an jawo wa garin ruwa ta bututu daga wani marmaro mai ɗumi. Ya auna ruwan da kayan awon zamaninsa, bai ga komai ba, duk da haka ya ce su bar shi. Suka bari, yaran da suka biyo baya suka fito da fararen haƙora. Sunan mai laifin bai fito ba sai 1931, a garin Bauxite na jihar Arkansas, garin ma'aikatan kamfanin alminiyam na ALCOA. Babban masanin sinadaran kamfanin, H. V. Churchill, yana tsoron kada a ɗora wa alminiyam laifin, ya sa aka bincika ruwan da na'ura mai karanta hasken sinadarai. Sai ga fuloraid, miligiram 13.7 a lita. A wannan shekarar dai, a Maroko, likitan dabbobi Henri Velu ya danganta ciwon haƙoran dabbobi da mutanen yankin ma'adinin fosfat da wannan sinadari. A 1937 likitoci a kudancin Indiya suka bayyana yadda yake sandarar da ƙashin baya. Ita kuwa iyakar 1.5 an buga ta a 1984, shekara guda kafin famfon Tsibiri ya soma zuba.

A nan labarin jarida yake tsayawa: an sami guba, an sami lamba, an sami wanda za a kai ƙara. Ni dai ina ganin rabin bayani ne. Fuloraid yana cikin duwatsu da ƙasa kusan ko'ina, yana cikin ruwan teku, yana cikin ganyen shayi. Me ya sa ruwan can ƙasa ya kwaso shi da yawa haka, na fadama bai kwaso ba? Kuma me ya sa ya bar manya da dama-dama ya afka wa yara? Amsar duka biyun tana wurin wani fanni na kimiyya da ba a cika jin labarinsa ba, wanda aikinsa shi ne auna wa ke riƙe da wa a cikin ruwa.

Gishiri idan ya narke, ina ya tafi? A 1884 wani ɗalibi a jami'ar Uppsala ta Suwidin, Svante Arrhenius, ya rubuta cewa yana rabuwa ne zuwa ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki, wasu mai kyau wasu kishiyarsa, kowace tana yawonta. Su ake kira ayon. Malamansa da ƙyar suka ba shi makin wucewa, a 1903 kuma aka ba shi kyautar Nobel a kan wannan magana. Hujjarsa mai sauƙi ce. Tsantsar ruwa ba ya wuce da lantarki sai ɗan abin da ba a rasa ba, amma da an zuba gishiri sai ya wuce, don ayon ɗin ne ke dakon cajin daga wannan gefe zuwa wancan. Bajamushe Friedrich Kohlrausch ya riga ya ƙware a wannan awo tun shekarun 1870, ya san yadda ake tsoma faranti biyu na ƙarfe a ruwa a karanta yawan lantarkin da ya ratsa. Ke nan akwai hanyar ƙidaya ayon ba tare da an gan su ba.

Sai dai ƙidayar ta ƙi cika. Idan aka ninka gishiri sau biyu, lantarkin ba ya ninkuwa daidai sau biyu, kullum da saura. A 1923 Peter Debye da Erich Hückel, a Zurich, suka bayyana wani ɓangare na gibin: kowane ayon yana tafe ne da kishiyoyinsa kewaye da shi suna ja masa baya. Bayanin ya yi aiki a ruwa mai ɗan gishiri kaɗan, ya kasa a wasu wuraren. A 1926 Niels Bjerrum na Kopenhagen ya kawo sauran. Ya ce wasu ayon ɗin suna matsowa kusa da juna har jan da ke tsakaninsu ya fi ƙarfin girgizar da zafi ke yi musu, sai su manne su riƙa tafiya biyu-biyu. Ba su fita daga ruwan ba, ba su kwanta a ƙasan kwalba ba, amma idan cajinsu ya kashe juna, na'ura ba ta ganinsu. Har tazarar ya lissafa: a cikin ruwa, ga ayon masu caji ɗaya-ɗaya, kimanin nanomita 0.36, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita.

Abin da ya sa gishirin miya bai cika yin wannan haɗuwa a ruwa ba shi ne ruwa gwani ne wajen shiga tsakani. Ƙwayoyinsa suna yanyame kowane ayon, suna rage jan da ke tsakanin kishiyoyi biyu har sau 78. Uwa da ɗanta ne a kasuwar Maraɗi ranar Juma'a: taku biyar ne tsakaninsu, amma cunkoso ya hana su jin kiran juna. A rage mutanen, nan da nan hannu ya kama hannu. Itanol, wato tsantsar sifirit, yana rage jan sau 24 ne kawai. Wani ruwan sinadari mai suna dayokzen kuwa sau 2 da ɗan ɗoriya, ga shi yana gauraya da ruwa ko nawa aka zuba.

Wannan hali na dayokzen shi Charles Kraus da ɗalibinsa Raymond Fuoss suka yi amfani da shi a jami'ar Brown ta Amurka a 1933, kuma a ganina dabararsu tana cikin mafi kyawun dabarun da aka taɓa yi da kayan aiki marasa tsada. Suka ɗauki gishiri iri ɗaya tak, suka narkar da shi a gauraye-gauraye na ruwa da dayokzen, daga tsantsar ruwa har tsantsar dayokzen. Gishirin bai canza ba, zafin bai canza ba, ƙarfin shiga tsakani kaɗai suke murzawa, daga 78 zuwa 2. Kowane gauraye suka auna lantarkin da ke ratsa shi. Ruwa na raguwa, lantarkin na zubewa, don ayon ɗin suna ta kama juna. Daga yadda layin awon ya lanƙwasa suka fitar da lamba guda da ke faɗin ƙarfin haɗuwar a kowane gauraye, kuma lambobin suka bi hasashen Bjerrum. Can ƙarshe, inda ruwa ya kusa ƙarewa, suka ga wani abu: ana ƙara gishiri, lantarkin da kowane ma'aunin gishiri ke ɗauka yana sauka, sai kuma ya juya ya soma hawa. Ashe na biyu-biyun ne suke jawo na uku, tarin ya sake samun caji. Wanda yake son ganin ƙanen wannan da idonsa, ya narkar da gishiri a kofi har ya ƙi narkewa, ya tsiyaye ruwan, ya tsiyaya masa sifirit mai ƙarfi. Zai ga farin gari yana saukowa daga ruwan da ɗazu yake garau.

Darasin da aka samu daga waɗannan gwaje-gwaje shi ne adadin sinadari a ruwa daban, adadin wanda yake sake daban, kuma sakakken shi ke aiki. Fuloraid na cikin ayon ɗin da suka fi kowa son kama wani, saboda ƙanƙantarsa cajin ya taru wuri ɗaya. A ruwan teku akwai kimanin miligiram 1.3 a lita, kusan rabinsa yana manne da magniziyam. Da alminiyam da ƙarfe riƙon ya fi haka tsanani. Da kalsiyam kuwa abin ba ya tsayawa a tafiya tare: kalsiyam ɗaya ya kama fuloraid biyu, su taru su zama dutse mai suna fulorait, wanda lita guda ta tsantsar ruwa ba ta narkar da fiye da kimanin miligiram 16 nasa. Wato kalsiyam shi ne murfin fuloraid. Ruwan da ke da kalsiyam miligiram 100 a lita, lissafi ya nuna da wuya fuloraid ɗinsa ya haura 3, don rarar za ta daskare ta koma dutse. A juya lissafin: ruwan da ya riƙe 6.6, kalsiyam ɗinsa ba zai wuce miligiram 20 ba, ko ƙasa da haka. Lambar da aka samu a Tsibiri da kanta tana ba da shaidar abin da babu a ruwan.

Yadda ruwa ke rasa kalsiyam kuwa sananne ne. Kudu da Maraɗi, wajen Ɗan Isa har a tsallaka iyaka zuwa Jibiya, tsohon dutsen giranit ya fito fili, kuma irin wannan dutse yana ɗauke da ma'adinai masu fuloraid. Ana yin arewa sai ya nutse ƙarƙashin shimfiɗar dutsen yashi da laka da masana ƙasa ke kira Continental Hamadien, wadda burbushin tsofaffin duwatsu ne ya gina ta. Ruwan da ke can ciki ya daɗe a kwance, yana da ɗumi, yana cuɗanya da laka. Lakar tana kama kalsiyam ta saki sodiyam a madadinsa, ɗan wanda ya rage kuma ya haɗu da kabonet ya daskare ya zama farar ƙasa. Sodiyam ba ya riƙe fuloraid. Murfi ya tashi, dutse ya ci gaba da sakin abin da ke cikinsa shekara da shekaru. Ruwan fadamar Gulbi kuwa, wanda rijiyoyin gargajiya da lambunan kwarin ke sha, damina ce ke sabunta shi, bai zauna ya jiƙa dutse haka ba. Daga Indiya zuwa Kenya zuwa Senegal, ruwan da ke da fuloraid da yawa kusan halinsa ɗaya: kalsiyam kaɗan, sodiyam da bayikabonet da yawa, wato dangin abin da ke cikin kanwa.

Ga inda abin yake da ban tsoro. Irin wannan ruwa shi ne wanda uwargida za ta yaba. Garau yake, ba laka, ba tsutsa. Sabulu yana kumfa da shi tun a shafar farko, buta ba ta yin farin ɓawo a ciki, wake ma ya fi saurin nuna. Fuloraid a wannan adadi ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza, to wannan ko tsamin bai yi ba. Duk gwajin da ido da hanci da harshe za su yi masa zai ci, kuma ta fuskar gudawa da kwalara da kurkunu, gaskiya ya fi ruwan buɗaɗɗiyar rijiya. Masu haƙa foraj a shekarun fari ba su yi kuskure ba da suka nemi ruwa mai zurfi.

Fuloraid ɗin da bai sami kalsiyam a ƙarƙashin ƙasa ba, yana samunsa a jikin mutum. Kashi 99 cikin 100 na wanda jiki ya riƙe yana ƙarewa ne a ƙashi da haƙori, inda yake shiga cikin ginin ma'adinin ya zauna. Kaɗan daga cikinsa yana ƙara wa haƙori tauri, abin da McKay da Black suka lura da shi ke nan, shi ya sa ake sa shi a man goge baki, shi ya sa kuma birnin Grand Rapids na Amurka ya fara zuba shi a ruwan famfo da gangan a 1945, kimanin miligiram 1 a lita. Idan ya yi yawa sai ya rikita ƙwayoyin da ke ƙera ɓawon haƙori, aikin da ke gudana daga haihuwa zuwa wajen shekara 8. Bayan nan ƙofa ta rufe: wanda ya wuce shekarun ba zai yi tabo ba, wanda ya yi kuma ba ya gogewa. A ƙashi, babba yana fitar da wajen rabin abin da ya sha ta fitsari, ƙashinsa ya riga ya ginu, sai bayan shekaru masu yawa ya soma jin sandarewa. Yaro kuwa ginin ake yi, jikinsa yana riƙe kaso mafi yawa, sabon ƙashin yana fitowa da yawa amma ba inganci, nauyin jiki ya bi ta kansa ya lanƙwasa shi. Nonon uwa kusan ba ya wuce da fuloraid, ko da ita tana shan ruwan, don haka sai yaro ya koma kan kunu da ruwa ake buɗe masa ƙofar sosai.

A nan zargin yunwa ya dawo ta bayan gida, don ba a banza aka yi shi ba. Kalsiyam ɗin da ke cikin abinci yana kama wani kaso na fuloraid tun a hanji ya fita da shi. Yaron da ke samun nono a furarsa yana da wannan kariya, wanda tuwon hatsi da miya kaɗai yake samu ba shi da ita sosai. Binciken Krishnamachari a jihar Andhra Pradesh ta Indiya a 1973 ya nuna gwamen fuloraid ya fi kama matasan gidajen da abincinsu ba kalsiyam. Sai kuma zafi. Iyakar 1.5 an gina ta ne bisa mutum mai shan kimanin lita 2 a rana, ba mai zama a Gobir a watan Afrilu ba. A 1988 masu bincike a Senegal suka buga a mujallar The Lancet cewa wannan iyaka ta yi yawa ga ƙasa mai zafi, suka ba da shawarar 0.6. Da wannan ma'auni, ruwan Tsibiri ya ninka abin da ya dace sau 8 zuwa 11.

To yaya ake aunawa? Tun farkon shekarun 1930 akwai hanyar launi da ke gane bambancin miligiram 0.1. A 1966 Martin Frant da James Ross na kamfanin Orion suka fito da abin da ya sauƙaƙa komai: sanda mai kaurin alƙalami, a bakinta an liƙa ɗan ƙanƙanen lu'ulu'un lantanam fuloraid, wanda ba ya barin kowane ayon ya ratsa shi sai fuloraid. Mai awo yana zuba ruwan a kofin roba, don fuloraid ba ya shiri da gilashi. Ya jefa ɗan maganaɗisu mai juya ruwan, ya tsoma sandar, ya jira lambar da ke allo ta daina rawa. Duk ninki goma na fuloraid yana motsa ta da kimanin milivolt 59. Minti kaɗan an gama.

Amma sandar tana da makantar da Bjerrum ya hango shekara 40 kafin a ƙera ta: sakakken fuloraid kaɗai take gani. Wanda alminiyam ko ƙarfe ya riƙe, ba ta san da shi ba. Idan ruwan ya yi tsami, fuloraid ya kama haidurojin ya ɓace mata. Idan ya yi kanwa-kanwa da yawa, wani ayon ya yi shigar fuloraid ta ƙidaya shi. Ruwa biyu masu fuloraid daidai wa daida za su iya ba da lamba biyu mabambanta. Saboda haka a 1968 Frant da Ross suka haɗa wani ruwan magani da ake kira TISAB, wanda ake zubawa daidai da yawan ruwan da za a auna. Aiki uku yake yi: ya tsayar da tsamin ruwan tsakanin 5 da 5.5 a ma'aunin pH, ya cika shi da gishiri don kowane samfur ya zama ɗaya a idon sandar, sannan wani sinadari a cikinsa ya ƙwace alminiyam da ƙarfe ya saki fuloraid. Sai an raba kowa da kowa ake samun ƙidayar gaskiya. Akwai kuma hanyar da ke bin akasin haka. A 1967 James Lingane na jami'ar Harvard ya nuna cewa idan ana son awo mai tsananin daidaito, a riƙa ɗiga lantanam har ya kame fuloraid ɗin duka, kuma a gauraya ruwan da itanol mai yawa, don a gauraye kamun ya fi ƙarfi, wurin da ya ƙare ya fi fitowa sarai. Dabarar Kraus da Fuoss ce ta shigo ɗakin awon ruwan sha.

Saboda haka ba na karɓar maganar cewa abin da ya sami Tsibiri ƙaddara ce da ta gagari ilimi. Sandar Orion ta girmi famfon garin da shekara 19. Abin da ya faru ya fi haka sauƙi kuma ya fi muni: ruwan da aka ga yana da tsabta, an ɗauka ya gama cin jarrabawa. Awon ƙwayoyin cuta ba ya nuna fuloraid, sai an neme shi da sunansa. Kuma ba Tsibiri kaɗai ke zaune a kan irin wannan ruwa ba. An same shi a Kundumawa ta jihar Damagaram, an same shi a Langtang ta jihar Filato da Kaltungo ta jihar Gombe. Yanzu da haƙa foraj ya zama na kowa, mai hali ya haƙa a gida, mai neman lada ya haƙa a ƙofar masallaci ya ɗora masa sola, yawan bakin da ke zuƙo ruwan can ƙasa ya wuce na 1985 nesa ba kusa ba.

Abin da aka saba yi wa ruwa a gida ba ya taɓa fuloraid. Tacewa da ƙyalle ba ta kama shi, jabel ba ya kashe shi tunda ba rai gare shi ba, tafasawa ma ƙara shi take yi, don ruwa ne ke tashi ya bar shi. Duk hanyoyin da suka yi aiki, nema masa wanda zai kama suke yi kafin ya kai baki. A 1975 cibiyar NEERI da ke Nagpur ta Indiya ta fito da hanyar Nalgonda: a zuba alif da farar ƙasa a bokiti, a juya, a bari ya kwanta, alminiyam ɗin alif ya ja fuloraid zuwa ƙasa. Tana aiki, sai dai tana son a san awon ruwan tukuna, in ba haka ba alif ya yi yawa ya zama wata matsalar. A Nakuru ta Kenya da arewacin Tanzaniya gawayin ƙashi ake amfani da shi: ƙashin shanu daga mahauta, a ƙona shi da ƙarancin iska, a daka, a cika bututu ruwa ya bi ta ciki. Ma'adinin da ke cikinsa shi ne dai wanda ke ƙafar yaro, fuloraid ya kama wannan ya ƙyale wancan. Mafi arha duka, inda akwai hali, shi ne abin da McKay ya gaya wa mutanen Oakley: a sauya rijiya, ko a gauraya ruwan mai zurfi da wanda ba shi da fuloraid har lambar ta sauko.

Akwai wata ƙofar da ruwa ba ya rufewa. A Tanzaniya, a shekarun 1990, likitocin haƙori sun tarar da ƙauyukan da ruwansu ba shi da fuloraid na a zo a gani, amma haƙoran yara sun rine ƙwarai. Da aka bi sawu, sai aka dangana da magadi, wato kanwar ƙasarsu, wadda ake jefawa a tukunyar wake da ganye kamar yadda muke yi. Tana taruwa ne a bakin tafkunan da ruwansu ba kalsiyam, rana ta busar da shi, fuloraid ya zauna a cikin ɓawon. Kanwar da ake kasawa a kasuwannin Maraɗi da Tsibiri daga wurare dabam-dabam take zuwa, ta Manga daban, ta Kawar daban, ta Dallol daban, kowace da ruwan da ya haife ta. Awon nata bai fi na ruwa wuya ba: a narkar da abin da aka auna a sikeli, a kashe kaifinta da ɗan asid, a zuba TISAB, a tsoma sanda. Aiki ne da ɗalibin kimiyya a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi zai iya gamawa kafin azahar, kanwa iri-iri a jere, kowace da lambarta.